Safiyar da Baba Tsoho Ya Sa Muka Dafa wa Inna

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Kakanmu na wajen uba, wanda duk Rikkos ta sani da Baba Tsoho, ya riga mu gidan gaskiya wata ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, can ƙarshen shekarun saba'in. Ina 'yar shekara goma sha huɗu a lokacin.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Ana yayyafin nan na Jos wanda ba ya jiƙa riga sai dai ya shiga ƙashi, amma ba wanda ya koma gida neman lema. Tsofaffin da suka yi aikin kuza tare da shi suka zo a ƙafa daga Jos Jarawa da Angwan Rukuba, wasu da hula, wasu da malafa, Musulmi da Kirista. Da aka tsaya sallar jana'iza, Kiristocin suka ja gefe suka tsaya shiru, malafa a hannu. A cikinsu akwai wani dattijo mai ɗingishi da ban taɓa gani ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna a kan dutsen ƙofar gida, ya ce wa ƙanen mahaifinmu, wanda muke kira Baffa:

"Lokacin da rami ya rufta mini a ƙafa, wata biyu ba na fita aiki. Kullum da yamma mutumin nan zai aiko mini da kwano ta bayan kicin. Sai da na warke na gane nasa rabon yake ba ni."

Maƙwabciyarmu Madam, matar kafinta, 'yar Ibo ce da katanga ɗaya ta raba mu. Ta shigo tsakar gida ko takalmi babu.

"Baba ya tafi bai yi mini sallama ba," take ta faɗa da irin Hausarta. "Jiya jiya na kawo masa lemu. Ya ce lemu na ba shi da daɗi, in je in kawo wani." Sai ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, kukanta ya fi na kowa, har sai da matar liman ta riƙe ta tana ce mata addu'a yake bukata yanzu. Innarmu kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, hannuwa a kan cinya, duk wanda ya ce "ya haƙuri" sai ta ce "da godiya". Wata baƙuwa ta tambayi ta kusa da ita ko Inna 'yarsa ce. Aka ce a'a, surukarsa ce, matar ɗansa marigayi. Baƙuwar ta sake dubanta ta ce, "To ai zaman 'ya take yi."

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Kwanan baya autarmu, wadda take da shekara bakwai ranar da ya rasu, ta ce mini fuskarsa ta ɓace mata, abin da ya rage mata sai warin kananzir da ƙamshin citta. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na riƙe, tun kafin ni ma ya fara zube mini.

Yana saurayi ya hawo Jos neman aiki. Ya fara da ɗaukar ƙasa a ka a ramin kuza, daga nan aka ɗauke shi wanke-wanke a gidan wani Bature, har ya zama kuku. Shekara talatin ya yi a gaban murhun bariki. Da aikin kuza ya fara ja da baya, sai ya tattara ya dawo gidan da ya gina a Rikkos. Kakarmu ta rasu ba da daɗewa ba, shi kuma ya bar wa mahaifinmu cikin gida, ya koma ɗakin da ke jikin zaure. Abin da ya dawo da shi daga bariki bai wuce risho ɗaya ba, da butar shayi, da tire, da farin tawul da ba ya rabuwa da kafaɗarsa.

Mutum ne mai tsabtar da har takan gajiyar da mutane. Ba ka isa ka taɓa masa kofi ba sai ya duba farcenka. Ni yana kirana uwargida, autarmu amarya, ƙanena kuma abokina. In na yi masa rashin ji sai ya ce zai sake ni ya zauna da amarya, ita ba ta da baki. Yana da maganganu da muka haddace tun ba mu san ma'anarsu ba. Yakan ce, "Wuta ba ta son gaggawa, kuma ba ta son a ba ta baya." Yakan ce, "Gishiri yana hannunka kake da iko da shi." Ba waliyyi ba ne. Yana da saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya taɓa buga mini cokali a bayan hannu don na ɗanɗana shayi na mayar da cokalin cikin buta. Kuma in ya faɗi magana, ko ya gane ya yi kuskure, janye ta yana yi masa wuya.

Tsakaninsa da Inna kuwa kunya ce irin ta da. Tunda aka kawo ta gidan ba su taɓa haɗa ido ba. Kullum da safe za ta zo bayan ƙofar zaure ta durƙusa ta ce, "Baba, an kwana lafiya?" Shi kuma ya amsa yana kallon rediyonsa. Bai taɓa kama sunanta ba. In yana da saƙo sai ya kira ni ya ce, "Uwargida, je ki ce wa mutanen cikin gida kaza." Ita ma in za ta amsa, ta bakina. Haka na tashi ina kai magana ina dawo da magana tsakanin mutum biyu da taku goma ya raba.

Ina da shekara goma sha biyu mahaifinmu ya rasu. Direban babbar mota ne, ya ɗauki dankali zai kai kudu, bai kai ba. Ƙanena yana da tara, auta tana da biyar. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Amma sana'arta ta koko da ƙosai ba ta tsaya ba, don ita ce ke riƙe da tukunyarmu. Da an idar da sallar asuba tana gaban murhu, yaran unguwa suna shigowa da kwanuka, mu ma ta zuba mana mu sha mu tafi makaranta. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

Wata rana da yamma ina tsintar shinkafa a bayan zaure, na ji Gwaggo da Baffa suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar da takaba za ta cika, Kawu, yayan Inna, zai zo daga Bauchi ya tafi da ita gida. Ni Gwaggo za ta ɗauke ni. Ƙanena zai bi Baffa Kaduna. Auta za a bar wa Inna ita har ta ƙara wayo. Sun gama rabon kamar ana raba kayan gado. Ban gaya wa ƙannena ba. Na dai riƙa ƙirga kwanaki ni kaɗai, ina jiran in ji Baba Tsoho ya ce wani abu. Bai ce komai ba.

Saura kamar mako uku, ya kira mu ɗakinsa bayan la'asar, mu ukun. Ya sa muka zauna a tabarma.

"Me Innarku ta ci yau da safe?"

Muka dubi juna. Ƙanena ya ce ƙosai.

"Ka gani da idonka, abokina?"

Ƙanena ya girgiza kai.

"To bar na yau. A duniyar nan wane abinci ta fi so?"

Na ce tuwo, don ban san abin da zan ce ba. Ƙanena ya yi saurin cewa, "Ƙanzo. Kullum shi take ci, a tsaye."

Baba Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ƙanzo abin da kuka rage ne. Ku uku, ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda ba ya shan koko sai ya huce. Ku kuwa ba wanda ya san nata." Bai ɗaga murya ba, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ci gaba, "A bariki an koya mini mai dafawa shi ne ƙarshen ci. Wannan dokar bariki ce, ba ta Allah ba."

Sai ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Kunun acca take so, wanda aka yi da gyaɗa aka sa tsamiya. Ya ce lokacin da take da cikina ba abin da ke zama mata sai shi, kakarmu ce ta gaya masa. Shi ne yake zuwa Angwan Rukuba wurin mata masu kawo acca ya sayo, ya ba kakarmu ya ce kada a faɗi wanda ya kawo. Tun rasuwar kakarmu ba wanda ya sake dama mata, ita kuma ba za ta ɓata lokaci ta dama wa kanta ba.

"Ranar da za ta fita takaba," in ji shi, "ku za ku yi mata karin kumallo. Abu uku kawai. Kunu, soyayyen dankali, dafaffen ƙwai. Ba mai wuya a ciki in an bi a hankali."

Daga ranar, kullum bayan la'asar muna ɗakinsa, ƙofa a rufe, risho a kunne. Ya ba kowa aikin da ya yi daidai da hannunsa. Ni ce mai kunu. Acca ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, kuma yashin gaske yana ɓuya a cikinta, sai an rege ta an sake regewa. In na ce ta fita, sai ya ce in ɗebi kaɗan in tauna. Da haƙorina ya yi ƙaras sai ya ce, "Koma." Na koyi niƙa gyaɗa, in tace, in ɗora ruwan a wuta, in zuba acca ina juyawa, tsamiya kuma sai a ƙarshe. Ƙanena shi ne mai feraye dankali da yankawa. Farkon da ya fere, rabin dankalin ya tafi da ɓawo, Baba Tsoho ya ɗaga ɓawon ya ce ko wannan za mu soya mu zubar da wancan. Auta kuwa aikinta ɓare ƙwai da wanke kofi, ta riƙe aikin nan kamar an naɗa ta sarauta.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne bai taɓa sa hannu ba. Yana tsaye, hannuwa a baya, yana kallo kunu yana kamawa ba zai karɓi ludayin ba.

"Baba Tsoho, ka taimaka mana mana."

"In na sa hannu ya zama nawa. Ba nawa take bukata ba."

Madam ce take miƙo mana ƙwai ta kan katanga daga kajinta, ita ce kuma mai cinye abin da muka ɓata. Takan ɗanɗana ta ce wa ƙanena, "Oga, wannan dankali ya sha wahala a hannunka." Na tabbata Inna tana jin ƙamshi daga cikin gida. Ba ta taɓa tambaya ba, wataƙila ta ɗauka tsoho ne yake rage kewa da jikokinsa.

Saura mako guda Gwaggo ta faɗo mana ba sallama. Ta tarar da ƙanena a durƙushe da wuƙa da kwanon dankali.

"Baba, me nake gani haka? Ɗa namiji guda ɗaya da marigayi ya bari, shi za ka zaunar yana feraya kamar mace?"

"Hannu gare shi, kuma yana cin abinci."

"Ni na san abin da na sha. 'Yar kuku, 'yar kuku, tun ina makarantar allo har gidan mijina. Yanzu kuma shi za ka gadar masa?"

Baba Tsoho ya sauke tawul ɗinsa daga kafaɗa ya ninke. Ya ce, "An yi miki gori, na sani, kuma na san ya yi miki ciwo. Ba ni da wata sana'ar da zan ba ki a madadinta."

Da ta tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai ta nuna ni ta ce, "Ita dai wannan a koya mata, ai gidana za ta yi wa amfani."

Ƙanena ya ɗago kai. Bai san da maganar rabo ba sai a lokacin.

"Wa ya ba ki ita?" Ban taɓa jin muryar Baba Tsoho haka ba. "Kun zauna a zaurena kun raba mini jikoki ina da rai? Ɗana na binne, ban binne gidansa ba. Tashi ki fita, kada ki sake taka mini zaure."

Ta fita tana kuka. Ya ɗauki tawul ɗin ya mayar kafaɗa. Ya ce wa ƙanena, "Ci gaba da aikinka." Na san maganar ƙarshen nan ta dame shi, don kwana biyu bai kunna rediyo ba. Amma bai aika a kira ta ba.

Ranar fita takaba ta faɗo Juma'a. Tun jajibiri ya aike ni in ce wa mutanen cikin gida gobe ba sana'a. Inna ta ɗauka saboda baƙin da za su zo ne. Da gari ya fara haske ta fito za ta hura wuta ta yi mana ɗumame, sai ta tarar da auta a bakin ƙofa ta ware hannuwa.

"Inna, ba fita. Baba Tsoho ya ce ki zauna."

"Ke matsa, 'yan'uwanki za su makara."

"Ya ce ki zauna."

Maganar Baba ce, ba yadda za ta yi. Ta koma ta zauna a bakin gado.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne a risho muka koya, yau kuma murhun Inna ne da itace, itacen kuma ya sha ruwan daren jiya. Hayaƙi ya cika mana ido. Da wutar ta kama sai ta kama da ƙarfi. Dankali ya ƙone ta gefe ɗaya, ɗaya gefen bai nuna ba. Kunu ya fara gudaji. Na tsaya da ludayi a hannu na fashe da kuka, don a raina na riga na ɗaura komai a kan kunun nan: in ya yi daɗi Inna za ta zauna, in ya ɓaci za a raba mu.

Baba Tsoho yana tsaye a ƙofar zaure. Ko a ranar bai tako tsakar gida ba. Daga can yake magana, a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba.

"Abokina, janye itace ɗaya. Uwargida, ba a kuka a gaban tukunya. Juya. Kada ki tsaya, ci gaba da juyawa, zai saki."

Ya kuwa saki, ko da yake ba duka ba. Na zuba tsamiya. Ƙanena ya tsince dankalin da bai ƙone sosai ba. Ƙwai uku auta ta ɓare, duk ta kwakkwafe su da farce, ɗaya ma akwai shaidar haƙori a jikinsa. Baba Tsoho ya miƙo tirensa, ya cire farin tawul ɗin daga kafaɗarsa ya ce a shimfiɗa a kai. Tun tuni ya koya mana abin da za mu faɗa: "Inna, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri." Mun maimaita shi ya fi sau ashirin. Da muka shiga ɗakin muka ajiye tiren a gabanta, duk ya gudu daga kanmu. Ƙanena ne ya ce, "Inna, ki ci. Mu muka yi."

Ta dubi tiren, ta dube mu. Ta ɗauki kwanon kunu ta kai kusa da hanci. Sai na ga ta tsaya.

"Wa ya gaya muku?"

"Baba Tsoho."

Ta ajiye kwanon ta rufe bakinta da gefen mayafi. Da ta sauke, abin da ta fara yi shi ne jawo ƙwan ta fara rabawa uku.

"An hana mu," in ji ƙanena. "Sai kin ƙoshi."

Ta yi bisimilla ta ci. Ta shanye kunun da gudajinsa, ta ci dankalin har da ƙonannen, ta ɗauki ƙwan nan mai shaidar haƙori ta dubi auta, auta ta sunkuyar da kai, Inna ta yi murmushin da rabonmu da shi tun ranar da aka kawo labarin mahaifinmu. Muna zaune muna kallonta. A ranar na fara ganin uwata tana tauna abinci a zaune.

Da hantsi Kawu ya iso. Aka zauna a zaure, shi da Baba Tsoho da Baffa da liman. Ni na kai ruwa, na kuma ƙi yin nisa. Kawu ya yi godiya, ya ce ya zo tafiya da ƙanwarsa, yara kuma ya san na dangin uba ne, ba zai yi jayayya ba.

Baba Tsoho ya ce, "Yaran nan inda uwarsu take, nan suke. In ta zaɓi Bauchi, su ukun za su bi ta, ba za a cire ko ɗaya ba. In ta zauna, gidan nan nata ne. In wata rana ta so aure, ni zan ba da ita."

Baffa ya gyara zama. "Baba, amma ai 'ya'ya na dangin uba ne."

"Ni ne dangin uban. Na kuma faɗa."

Liman ya ce magana ta ƙare, sai a ji ta bakin mai ita. Kawu ya shiga ciki wurin Inna. Na lallaɓa ɗakin Baba Tsoho na tarar yana goge butar shayi.

"Baba Tsoho, don kada ta tafi ka sa muka yi mata, ko?"

"A'a, uwargida. Ba a ɗaure mutum da kunu. Na koya muku ne don in ta tafi da ku, a can ma a sami mai dafa mata."

"To kai fa? Kai kaɗai za ka zauna?"

"Ni kuku ne. Kuku ba ya kwana da yunwa."

Ya juya mini baya ya ci gaba da goge butar da tun ɗazu take ƙyalli.

Kawu ya daɗe a ciki. Can Inna ta kira ni. Idanunta sun yi ja, amma muryarta a tsaye take.

"Je ki ce wa Baba an gode, Allah ya ƙara girma. Ki ce kunun ya yi, sai dai tsamiyar ta ɗan yi yawa. Juma'a mai zuwa a rage."

Sai da na kai tsakiyar tsakar gida na gane abin da aka aike ni da shi. Na ƙarasa da gudu na faɗa masa. Ya zauna a bakin gadonsa.

"Ki ce an ji," in ji shi. Na juya zan fita, ya ƙara da cewa, "Ai tun daga zaure na ga hannunki ya yi nauyi a tsamiyar nan."

Tun daga nan Juma'a ta zama ranar Inna. Ba ƙosai, ba koko, masu saye suka yi ƙorafi har suka gaji suka saba. Baba Tsoho ya riƙa ƙara mana abu ɗaya ɗaya: wainar ƙwai da albasa a cikin burodi, dafaffen dankali da man gyaɗa da yaji, shayi mai citta. Fanke ne kaɗai ya gagare mu, sau uku muna gwadawa yana fitowa kamar dutse, a na ukun ya ce a bar wa masu shi. Maza a majalisa suka yi ta tsokanarsa cewa ya buɗe bariki a gida. Yaran Madam kuwa suka ce su ma sai sun yi wa tasu uwar ranar Lahadi kafin coci, ta riƙa leƙo katanga tana ce masa, "Baba, ka jawo mini wahala, yau na ci gawayi."

Gwaggo sai da Babbar Salla ta dawo. Ta tsaya a waje ta yi sallama, ba ta taka zauren ba. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce ba. Ya dai ce wa ƙanena ya haɗa wa gwaggonsa shayi a kofinsa na kansa, wanda ba a taɓawa. Ta shigo ta karɓa ta sha, ta tambayi wanda ya dafa. Da aka nuna mata ƙanena, ta ce sukari ya yi daidai.

Shekara biyu muka samu a haka. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Ni nake kai masa abinci, amma a makon ƙarshe hannunsa ba ya iya riƙe cokali, ni kuma in na ba shi sai ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa.

Ranar Litinin da safe na ga Inna ta yafa mayafi ta ɗauki kwano ta nufi zaure. Ba ta tsaya a bayan ƙofa ba. Ta yi sallama ta shiga ɗakin, ta durƙusa a gaban gadon. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ga ɗan fate-fate. A daure a sha ko kaɗan ne."

Ya buɗe ido ya dube ta. Ta ɗebo a cokali ta hura ta kai masa baki, ya karɓa. Ya ɗan juya shi a harshe kamar yadda ya saba yi wa girkin kowa, sannan ya haɗiye. Ta sake ba shi, ya sake karɓa, har cokali bakwai.

"'Yata," ya ce. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da ta matso. "Shekara talatin na yi ina dafa wa mutane, na ɗauka na iya. Tunda kika zo gidan nan nake cin abincinki, ban taɓa kamo hannunki ba. Ban kuma taɓa gaya miki ba. Ki yafe mini."

Inna ta sunkuyar da kai. Ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta.

"Ka gaya mini, Baba," in ji ta. "Kullum kwanonka wayam yake dawowa."

Washegari da hantsi ya cika.

Ya Allah, bawanka ne da ya ciyar da mutane da hannunsa, ya kuma hana a raba marayu da uwarsu. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi daga abin da ba a ƙishi bayansa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Baba Tsoho a addu'a. Amin.